Kundin tafiyar koyon sarrafa nono a tsaunukan Suwizalan

Lahadi, 7 ga Satumba, 2025

Mun sauka Geneva da hantsi, muka hau jirgin ƙasa zuwa Fribourg. Bayan Lausanne layin ya fara hawa, tafki a hannun dama, gonakin inabi sun bi gangare hawa-hawa har bakin ruwa, a ƙetare kuma tsaunuka.

Ga waɗanda ba su san mafarin zancen ba, makarantarmu tana shirin buɗe sashen koyar da sarrafa nono, inda za a ɗauki samari da 'yan mata daga rugagen da ke kewaye da mu. An yi yarjejeniyar musaya da wata makarantar aikin gona ta nan: mu zo mu ga yadda suke yi, su ma malamansu su zo wurinmu da rani. Ni aikin da aka ɗora mini shi ne in tsara karatun shekarar farko, in kuma fitar da jerin kayan da za a saya. A nan zan riƙa ajiye abin da na gani, domin abokan aiki na gida su san inda aka kwana.

Talata, 9 ga Satumba

Jiya da yau a aji muka wuni, ana yi mana bayanin tsarin koyon sana'a na ƙasar. Yaro idan ya gama karatun dole, yana ɗan shekara 15 ko 16, ba lallai ne ya nufi hanyar jami'a ba. Kusan biyu cikin uku na yaran ƙasar sana'a suke shiga, kuma sana'o'in da hukuma ta amince da su sun kusa 250. Yaron zai nemi mai gida da kansa, a rubuta yarjejeniya, shi da iyayensa da mai gidan su sa hannu, hukumar jiha ta duba ta amince. Daga nan kwana uku ko huɗu a mako yana wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu yana makaranta, kuma mai gida yana biyansa albashi duk wata, ko da ba shi da yawa. Koyon sarrafa madara shekara 3 ne. A ƙarshe ya yi jarrabawar hannu da ta takarda, ya karɓi shaidar da duk ƙasar ta san da ita.

Zaman yaro a gaban mai gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka maƙeri da tela da bakanike suka koya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a nan shi kansa mai gidan sai an tantance shi kafin a ba shi yaro, kuma akwai rubutaccen jerin abubuwan da dole ya koyar a kowace shekara. Ba zai riƙe yaro yana aikensa kasuwa shekara da shekaru ba, ranar yaye tana rubuce tun ranar shiga. Na san yara da yawa da suka ƙare ƙuruciyarsu a shago suka fita hannu rabbana, ba jari, ba takardar da za su nuna a wani gari. Wannan yarjejeniyar ba ta buƙatar wutar lantarki ko injin waje. Na karɓi kwafinta zan mayar da ita Hausa.

Alhamis, 11 ga Satumba

Tun kafin asuba aka kai mu gidan cuku na wani ƙauye. Kafin mu shiga sai da muka sa takalmin roba da farar riga da hula, muka tsoma ƙafa a ruwan magani. An ƙara tsanantawa bana saboda cutar ƙurajen fatar shanu da ta ɓulla a yankin Savoie na Faransa a ƙarshen Yuni, nan kusa da iyaka.

Cukun da ake yi a nan shi ne Gruyère, kuma sunan yana da rajista, ba kowa ke iya sa shi a kan kayansa ba. Manoman ƙauyen suna kawo madara sau biyu a rana, safe da yamma. Ba a dafa ta, ɗanya ake aiki da ita, shi ya sa aka hana ba shanun ciyawar da aka rufe ta tsumu, sai ɗanyar ciyawa da ingirici. Tukunyar ta jan ƙarfe ce. Madara wajen lita 400 ke ba da dunƙule ɗaya mai nauyin kilo 35 ko kusa da haka, ya kwana a matsi, ya yi yini da kwana a ruwan gishiri, sannan ya zauna a kan katako aƙalla wata 5 ana juya shi ana goge shi.

Wadda ta karɓi madarar yau yarinya ce mai koyo, tana shekara ta biyu. Kowane manomi ya zo, sai ta ɗebi kaɗan a ƙaramar kwalba, ta rubuta lambarsa, ta ajiye. Idan cukun wata rana ya ɓaci, za a koma kan kwalaben a gano madarar wa ta jawo. Manomin da ya isa ya haife ta yana tsaye yana jiran ta gama, ba gardama. Malamar da muka zo tare da ita ta matso ta ce mini, «Malam, ka dubi wannan da kyau, don matanmu ne za su kawo nonon, kuma mace ce ya kamata ta karɓa.» Gaskiya ta faɗa. A rugagenmu nono hakkin matar gida ne, da shi take cefane da sutura. Duk tsarin da zai karkatar da kuɗin nono daga hannunta zuwa hannun mijinta, ba gyara ya yi ba. Na sa wannan a shafin farko na tsarin.

Wani abu da na riga na yanke: ba za mu kwaikwayi aiki da ɗanyar madara ba. Su sun daɗe da kawar da tarin fuka da bakkale, cutar nan mai sa ɓarin ciki, daga shanunsu, kowace saniya tana da lamba a kunne biyu, kuma duk inda aka kai ta sai an sanar da rumbun bayanai na ƙasa. Mu ba mu kai nan ba. Dafa madara zai zama darasin makon farko.

Juma'a, 12 ga Satumba

Mun je Bern sallar Juma'a, a masallacin da ke cikin ginin nan da aka buɗe a 2014 inda addinai daban-daban ke da ɗakunan ibada. Da yamma na fara fassarar yarjejeniyar.

Talata, 16 ga Satumba

Muna kan tsauni a yankin Pays-d'Enhaut na jihar Vaud. Mota ta ajiye mu inda kwalta ta ƙare, muka ƙarasa da ƙafa, numfashi yana yankewa. Iyalin da suka karɓe mu suna cikin masu yin cukun L'Etivaz. Ƙungiyarsu ta fara a 1932, kuma ƙa'idarta a fili take: daga 10 ga Mayu zuwa 10 ga Oktoba kawai ake yin wannan cuku, a makiyayar da ke tsakanin mita 1,000 da 2,000, da madarar shanun wurin, a tukunyar jan ƙarfe, a kan wutar itace. Iyalin suna tashi da shanu da yara da tarkace daga kwari idan ƙanƙara ta narke, su yi zango a bukkar ƙasa, ciyawa ta tofo a sama su ƙara hawa, sanyi ya fara su soma gangarowa. Abokin tafiyata, Bafulatani ne daga Adamawa, tun da muka iso bakinsa bai rufu ba don murna, ya ce ai wannan rayuwar gidansu ce.

Da asuba mai gidan ya kwashe maiƙon da ya taso a kan madarar daren jiya, ya haɗa ta da ta safe a tukunya. Tukunyar tana rataye a jikin wani gungumen katako mai juyawa, idan yana son zafi ya turo ta kan wuta, idan ya isa ya janye. Ya zuba ruwan cukun jiya da ya kwana ya yi tsami, sannan da zafin ya kai digiri 32 ya sa sinadarin daskarewa. Aka bar ta shiru fiye da rabin sa'a. Ya tsoma ludayi ya ɗaga, ya ga ta tsage da kyau, sai ya ɗauko wani firam mai zaren ƙarfe ya shiga yankawa a tsaye da a kwance har ta zama ƙwayoyi kamar na alkama. Aka mayar da tukunya kan wuta ana juyawa ba tsayawa, hayaƙi ya cika ɗaki, har ma'auni ya nuna 57. Duk da ma'aunin, bai yarda ba sai da ya ɗebo ƙwayoyin a tafinsa ya dunƙule, ya murza da yatsa ya ga sun warware. Ya miƙo mini in taɓa. Sai ya ɗaura bakin wani babban ƙyalle a sandar ƙarfe mai lanƙwasuwa, ya kama ɗaya bakin da haƙori, ya sunkuya hannuwansa cikin ruwan zafi har damtse, ya bi ƙasan tukunya ya kwaso cukun gaba ɗaya. Fuskarsa ta yi ja, gumi yana zuba. Ɗansa ya taya shi ɗagawa zuwa matsi.

Babu abin da ke cikin wannan ɗaki da maƙeran Kano ba za su iya ƙerawa ba. Abin da ke da wuya shi ne wanki. Lokacin da suka ɓata suna wanke tukunya da bokitai da ƙyallaye da tafasasshen ruwa ya kusa kai na yin cukun kansa, kuma ruwa yana kwarara ta bututu daga maɓuɓɓuga dare da rana. Ruga da yawa a wurinmu sai mace ta yi tafiya mai nisa kafin ta samo tulu ɗaya. Wanda ya ce mata ta wanke ƙwarya sau uku bai ba ta ruwa ba, bai yi mata adalci ba. Na matsar da rijiyar burtsatse zuwa saman jerin kayan saye, gaba da injin sanyaya.

Maganar sinadarin daskarewa ta taso tsakaninmu da dare, tun da daga cikin ɗan maraƙi ake samun sa, kuma malamai sun yi saɓani a kan na dabbar da ba a yanka ta bisa shari'a ba. A gida wannan ba zai dame mu ba. Masu yin cuku a Nijar da cikin ɗan akuya ko ɗan maraƙin da suka yanka suke yi, masu yin wara, cukun nan mai laushi, kuma da ruwan tumfafiya. Duka biyun za su shiga karatu.

Laraba, 17 ga Satumba

An yi ruwa, hazo ya rufe tsauni, sai ƙarar ƙararrawa ke nuna inda shanu suke. Mun taya gyaran shinge. Mai gidan ya nuna mana littafin da yake rubuta madarar kowace saniya, don wasu shanun na maƙwabta ne da suka ba shi kiwo, kuma da wannan littafi ake raba riba. Cukun yana sauka ɗakin ajiyar ƙungiya a ƙauyen L'Etivaz, ƙungiya ce ke tsare shi, ta tantance daraja, ta sayar. Makiyayi ba ya cinikin tilas da ɗan kasuwa don tsoron kada kaya su lalace a hannunsa. Na tuna cewa kilishin Nijar da albasar Galmi su ma sun samu rajistar suna irin ta Gruyère, ke nan hanyar a buɗe take.

Asabar, 20 ga Satumba

Mun ƙetare zuwa jihar Valais ta ramin jirgin ƙasa na Lötschberg, mai tsawon kilomita 34.6, wanda aka buɗe a 2007. Mun fito a kwarin kogin Rhône, ƙasa ta canza kama, gangaren da ke kallon rana a bushe, ciyawa ta yi ruwan ƙasa. A wannan ɓangare na jihar Jamusanci ake yi, ba Faransanci ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Törbel. Ƙauye ne a maƙale a gangare, wajen mita 1,500, gidajen katako da rana ta ƙona suka yi baƙi, rumbuna a kan ƙafafu da faifan dutse a tsakani don kada ɓera ya hau. Ni na roƙi a sa shi cikin tafiyar.

A 1483 mutanen wannan ƙauye suka rubuta yarjejeniya a kan yadda za su ci moriyar makiyaya da daji da ruwan da suka mallaka tare. A 1517 suka ƙara doka cewa ba wanda zai tura shanu makiyayar tsauni fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da ingiricinsa a hunturu. Akwai wanda aka zaɓa ya sa ido, ya ci tarar wanda ya saɓa. Kowa kuma yana ba da kwanakin gayya na gyaran hanya da bukkoki da baza taki gwargwadon yawan shanunsa. Wani masani Ba'amurke, Robert Netting, ya zauna a ƙauyen ya yi nazarin wannan tsari, daga baya wata masaniya Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, ta kafa hujja da shi cewa jama'a suna iya tsare dukiyar da suka haɗa ba tare da ta lalace ba, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2009.

Na daɗe a zaune bayan an gama bayani. Makiyayar nan tana da iyaka da kowa ya sani, kuma fiye da shekara 500 ba wanda ya wayi gari ya ga an nome ta ko an yanka ta filaye. Jihar Arewa ta yi dokar gandun kiwo a 1965, amma da yawa daga cikin gandayen da burtalai sun shige gonaki da gine-gine, kuma kowa ya san jinin da ya zuba a kan haka. Mutumin da bai da tabbacin inda shanunsa za su ci baɗi, ba zai shuka ciyawa ba, ba zai rage garke ba.

Sai dai abokina na Adamawa ya ja hankalina ga abin da bai kamata in tsallake ba. Ya ce, «Malam, dokar nan tasu ai baƙo ta kore.» Haka ne. A yarjejeniyar Törbel, baƙon da ya sayi gona a ƙauyen bai samu hakkin makiyaya ba. Su hawa da sauka suke yi a cikin ƙasar ƙauye ɗaya. Makiyayinmu kuwa yana bin ruwa da ciyawa ɗaruruwan kilomita, kullum baƙo ne a ƙasar wani. Idan aka ɗauko dokar nan yadda take aka dasa, shi za ta fara cutarwa. Abin ɗauka shi ne waɗanda dokar za ta hau kansu su suka zauna suka yi ta, aka rubuta, aka naɗa mai tsaro daga cikinsu. Kada kuma a manta gwamnatin tarayyar Suwizalan tana biyan manoman ƙasar kuɗin tallafi kai tsaye kusan faran biliyan 2.8 a shekara, har da kaso na musamman ga masu kai dabbobi tsauni. Ba juriya kaɗai ke riƙe da su a can sama ba.

Laraba, 24 ga Satumba

Mun bi magudanar Niwärch da ke kawo ruwa daga kwarin Baltschieder zuwa gonakin Ausserberg. A wasu wurare an sassaƙe ta a jikin dutse, a wasu kwararon katako ne rataye a kan rami mai zurfi, hanyar mai tsaro ba ta fi faɗin ƙafa biyu ba. Na riƙe igiya ina salati. An ba mu labarin gudumar katako da ruwa ke juyawa a irin waɗannan magudanai, tana bugawa dare da rana, idan mai tsaro ya daina jin bugunta ya san ruwa ya ɓalle a wani wuri. Da can a jikin guntayen itace ake yanka alamar sa'o'in ruwan kowane gida. A Disamban 2023 UNESCO ta sa irin wannan ban ruwa na gargajiya, da kuma al'adar kai dabbobi tsauni ta Suwizalan, cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Ruwan nan daga ƙanƙarar tsauni yake zuwa, ita kuwa tana ƙarewa. A 2022 da 2023 kaɗai ƙanƙarar ƙasar ta rasa kashi 10 cikin 100 na yawanta. A kwarin Lötschental da ke kusa, ranar 28 ga Mayun bana, ƙanƙara da duwatsu suka rufto suka binne ƙauyen Blatten. An riga an kwashe mazauna wajen 300 da dabbobinsu kwanaki kafin nan, mutum ɗaya ne ya rasu. Ba mu je ba, kuma bai dace a je kallon masifar mutane ba. Allah ya mayar musu da alheri.

Asabar, 27 ga Satumba

Mun dawo jihar Fribourg, muka je Charmey ganin saukowar shanu. Garke bayan garke, an ɗaura wa shanun furanni a ka da manyan ƙararrawa a wuya, makiyaya maza da mata cikin kayan gargajiya, jama'a cike da bakin titi suna tafi. Abokina ya yi shiru yana kallo, idonsa ya kawo ruwa. Ban tambaye shi ba.

Litinin, 29 ga Satumba

Inda aiki ya tsaya: na gama fassarar yarjejeniyar koyo, na tura wa shugaban makaranta ya duba. Tsarin zangon farko ya kammala, wato tsabtar tatsa, dafa madara, gwajin ruwa da tsami, da riƙe littafi. Zango na biyu, na kindirmo da man shanu da cuku, yana jiran abin da za mu gani wannan mako a wani ƙaramin gidan sarrafa madara da ke dafa ta ya zuba a kwalba, wanda girmansa ya fi kusa da abin da za mu iya. Har yanzu ba mu warware inda ɗalibai za su yi kwanakin aiki ba, domin gidajen sarrafa nono da ke kusa da mu ba su da yawa, kuma sai an zauna da masu su an ji ko za su yarda da biyan ɗalibi.

Roƙona ga abokan aiki na gida, kada a ba da odar komai tukuna. A kira zama da arɗaɗɗan rugagen nan, a kira na mata daban, Malama ta ce za ta jagorance shi idan mun dawo. A tambaye su yawan nonon da suke samu a watan Maris da Afrilu, ba na damina ba, da nisan inda suke ɗebo ruwa, da nawa ake sayen ƙwarya a kasuwa yanzu. Da waɗannan amsoshin zan san girman tukunyar da zan rubuta a jerin.